Inuwa Koci da Gonar Baffa

Duk wanda ya san Kwanar Dangora a shekarun baya ya san Inuwa Koci, mai horar da 'yan ƙwallo. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ce Kande mai abinci, wadda rumfarta ke bakin tasha, inda direbobin Kano da na Zariya ke tsayawa su ci tuwo su yi salla. Na faɗi haka tun da wuri don kada wani ya ce ban san abin da nake faɗa ba, ko ya ɗauka ƙiyayya ce ke magana. Ba na ƙin Yaya. Haushinsa nake ji, kuma na daɗe ina ji.

Bai taɓa zuwa wata makarantar koyon ƙwallo ba, shi kansa ma bai iya bugawa ba. In ya tashi nuna wa 'yan wasa yadda ake ɗaɗa ƙwallo, sau da yawa takalminsa ne ke riga ƙwallon isa raga. Amma Allah ya sa masa son abin a zuciya, irin son da ba ya jin magana. Yana da ido kuma, wannan ba zan hana shi ba. Zai ga saurayi yana tsallake kwata da buhu a ka, ya ce wannan ɗan baya ne, kuma a gwada a ga haka ne.

Mahaifinmu Malam Hamidu, da muke kira Baffa, yana da gona a bayan gari ta hanyar Ƙofa. Shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba kwari, ƙasarta baƙa wuluk mai laushi. Ba haka kawai ta yi baƙin ba. Duk rani Fulanin wajen Burumburum ke zuwa su sauke shanunsu a cikinta, shanu su ci kara su bar taki, Baffa kuma ya sallame su da dammunan dawa. Tun zamanin kakanmu ake haka. Da wannan gona aka ciyar da mu, da ita aka yi mini kayan ɗaki, kuma ban taɓa ganin rumbun Baffa ya nuna gindinsa ba.

A gefen wannan gona aka haifi Taurarin Kwana. Samarin tasha ne, kanikawa da masu faci da yaran mota, Yaya ya tattaro su bayan an gama girbi, suka je suka durƙusa gaban Baffa suna roƙon wurin wasa. Baffa ya ba su kusurwa ɗaya, da sharaɗi: ranar da ruwan shuka ya sauka, su tuge sandunan ragarsu. Haka aka yi ta yi. Da rani ƙwallo, da damina dawa. Sandunan kan yi damina a jingine a zauren gidanmu, awaki suna susa a jikinsu. Rigunansu na farko singileti ne da aka kai marina aka rina shuɗi, aka rubuta lamba da fentin mota. In suka yi gumi sai su dawo gida jikinsu duk baba, mu yi ta yi musu dariya.

Da Baffa ya rasu aka zo rabon gado, Yaya ya ce ya bar mana gida da fadama, ni da ƙaninmu Mu'azu, shi a ba shi gonar bayan gari. Muka yarda da murna, mun ɗauka ya yi hankali, zai riƙe abin da ubansa ya riƙe. A shekarar ne gasar kofin ƙananan hukumomi ta ja har cikin damina, Taurari kuma suka kai wasan ƙarshe. Ruwa ya sauka, kowa ya fita shuka, sanduna suna nan a kafe.

Yaya ya ce mini, “A bar ta ta huta bana, Kande. Ai gona ma tana son hutu.”

Suka ci kofin. Na gan shi da idona, wani gwangwani ne mai kunnuwa biyu, ko kokon gidan suna ba zai ɗauka ba. Aka zaga da shi gari a kan babur ana kiɗa. Tun daga wannan shekara ba a sake tuge sandunan nan ba. Da rani ya zo Fulani suka iso da shanunsu kamar kullum, Yaya ya tare su a bakin gona ya ba su haƙuri, ya ce kashin shanu na kayar masa da 'yan wasa. Dattijon cikinsu ya dube shi, ya dubi gonar, ya yi wa Baffa addu'a, suka kora shanunsu gaba.

Zan faɗi gaskiya, an ji daɗi a lokacin. Ƙungiya ta bunƙasa, ta bar hannun 'yan tasha kaɗai. Yaya ya riƙa yawo a kan babur, Kiru, Bebeji, Tudun Wada, har Doguwa, yana zaƙulo 'ya'yan manoma masu ƙarfi kamar bijimai. A Ƙofa ya samo Surajo, dogon saurayi mai shiru-shiru, wanda ya zama kyaftin, kuma shi ne ke ci musu ƙwallaye. Yaya ya ɗauke shi kamar ɗan cikinsa, shi ya je ya nemo masa aure. Ƙungiyoyin birni kan zo suna yatsina, suna cewa yau da ƙauyawa za su yi atisaye, su koma da kwando cike da ƙwallaye. Ranar wasa ni kaina tun kafin la'asar nake kife tukwane. Garin da aka sani da wurin canjin mota kawai sai ga shi ana ambatarsa a rediyo.

Amma a gidan Yaya, matarsa Asabe ce ke riƙe da komai. Ƙuli-ƙuli take yi, ta matse mai ta sayar, da shi ake auno hatsi a kasuwa. Surukar Malam Hamidu guda, wai ita ce ke tsayawa gaban ma'auni da ɗan kwano. Ita ce kuma mai wankin rigunan ƙungiya. Ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, ni ce dai nake ɗaga mata tawa, in ce ta cika sanyi.

Shekarar da suka cinye gasar jiha, aka ce sun sami gurbi a ƙaramin rukunin ƙwararru na ƙasa. Wani Alhaji mai gidan mai ya ɗauki nauyinsu. Aka yi wa kowane ɗan wasa kati mai hoto, wanda ba shi da kati ba ya taka fili, aka kuma yanka musu albashi, wanda sunansa ya fi shi auki. Sai masu shirya gasar suka turo mutum ya duba fili. Ya zo da takalminsa mai sheƙi, ya taka ƙasar Baffa ya ji ta lotsa, ya ce wannan in aka yi ruwa taɓo za ta koma. Ko dai a gyara, ko Taurari su riƙa buga wasanninsu na gida a Kano.

Yaya ya ce ina, ba yana raye ba. Ƙungiyar Kwana ba za ta zama baƙuwa a wasan gidanta ba.

Ina cikin kwashe tuwo aka zo aka ce mini katafila ta shiga gonar Baffa. Na bar muciya a tukunya na tafi, ko mayafin kirki ban tsaya ɗauka ba. Na tarar tana kankare baƙar ƙasar nan tana turawa gefe, ga tifofi a jere cike da jar marmara suna jiran juyewa. Yaya yana tsaye yana nuna wa direba da hannu, fuskarsa kamar ta ango.

Na ce, “Yaya, ka san abin da kake yi kuwa? Gonar Baffa ce fa.”

Ya ce, “Ke dai Kande ki tanadi manyan tukwane. Garin nan zai cika da baƙi.”

“Baƙin za ka ci in damina ta wuce?”

Ya yi dariya ya ce mata ba su san ci gaba ba. Aka zuba marmara, aka kawo rola ta danne, aka watsa yashi a sama. Tsofaffin unguwa suka yi ta zuwa da jakuna da amalanke suna kwasar baƙar ƙasar da aka tara, kowa ya kai gonarsa. Babu wanda ya iya haɗa ido da Yaya. Ni dai na san a ranar gonar ta mutu, na zauna a gindin wata ɗorawa na yi kuka kamar ranar da Baffa ya rasu. Daga ranar Yaya ba shi da komai a duniya sai Taurarin Kwana. In ta tsaya ya tsaya, in ta faɗi ba shi da inda zai dafa.

Shekarar farko da rani aka buga gasar, kuma ba su ji kunya ba, sun ƙare a tsakiya. Shekara ta biyu aka yi ta ɗage ranar farawa, har gasar ta gangaro cikin bazara. Masu tsara ranakun wasa a birni suke, a ƙarƙashin fanka, ba sa ɗaga kai su dubi sama. A dokarsu, ƙungiyar da ta kasa fitowa fili sau biyu an kore ta ke nan. Taurari sun riga sun yi ɗaya, ranar da motarsu ta lalace a hanyar wani wasan waje. Saura ɗaya.

Ruwa ya yi jinkiri a shekarar. Zafi kamar a gasa mutum, iri yana ajiye a ɗaki, an fita roƙon ruwa har sau biyu. Sai ga shi ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya kwana yana zuba, aka wayi gari ƙasa ta jiƙu sharkaf tana ƙamshi. Ranar kuma Taurari ke da wasa a gida da wata ƙungiya daga birni.

Wanda bai tashi a ƙasar noma ba ba zai gane ba. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ba biki, ba kasuwa, ba zumunci. Damshi ba ya jiran kowa. Maigida na gaba da sungumi yana sara, mata da yara na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige, tun safe har duhu ya hana ganin rami. Wanda ya bari ƙasa ta sha iska, sai dai ya jira wani ruwan, kuma a shekarar ba wanda ya san yaushe wani zai zo. Tasha ma ranar fayau take. Na dafa shinkafa babbar tukunya saboda wasa, na tura ta bakin fili a baro, na zauna ina korar ƙuda.

Yaya ya san da haka sarai, ɗan manomi ne. Amma ya saka a ransa cewa za su yi shuka da safe su zo da azahar, tunda yanzu ƙwararru ne masu kati. Baƙi suka iso a doguwar motarsu, rafali ya iso. Fili kuwa ya yi kyau abin haushi, ko ɗigon ruwa bai kwanta ba, marmara ta yi aikinta. 'Yan kallo ba su wuce tsofaffin da ba sa iya sunkuyo ba. 'Yan wasanmu shida suka zo, waɗanda ba su da ko kunya ɗaya ta gona: kanikawa biyu, mai faci, da uku da aka ɗauko haya daga Zariya. Doka ta ce sai bakwai ake fara wasa. Mutum ɗaya ya rage.

Yaya ya cusa rigar kyaftin a aljihun babbar rigarsa, ya hau babur ya nufi Ƙofa, don Surajo ne mafi kusa. Abin da ya faru a can, matar Surajo ce ta ba ni labari daga baya. Yaya ya tarar da Surajo a tsakiyar gona da sungumi, taɓo har gwiwa. Mahaifin Surajo ya shekara a kwance, shi kaɗai ne namiji babba a gidan, ga uwarsa da matarsa da ƙannensa mata suna biye da ƙoƙunan iri. Ko rabin gonar ba su kai ba.

Yaya ya ce, “Surajo, ka zo ka tsaya kawai a fili. Ko ba ka taɓa ƙwallo ba. A ƙirga da kai.”

Surajo ya durƙusa a cikin taɓon ya ce, “Baba Koci, in na tafi wa zai yi musu sara? Kafin in je in dawo rana ta faɗi. Ka ga sama, ta washe. In damshin nan ya wuce ni, me zan ba su?”

“Ni fa? Me ka bar mini?”

Uwar Surajo ta ce, “Malam Inuwa, ka yi haƙuri, ka dubi Allah.” Yaya ya ciro rigar ya jefar a kan kunya, ya juya babur.

Da ya dawo shi kaɗai, har ya fara tuɓe babbar riga wai shi zai shiga, da furfurarsa da komai. Rafali ya ce ina katinsa. Aka jira iya abin da doka ta ce, sannan rafali ya busa usur. Baƙin suka jeru, ɗaya ya gangara da ƙwallo a hankali ya tura ta cikin ragar da ba kowa, yana dariya. Rafali ya sake busawa, shi ke nan. Suka sayi shinkafata kwano uku, suka hau mota. Yaya ya zauna a ƙasa a tsakiyar fili, daga ko'ina kana hango mutane a gonakinsu a sunkuye, ba wanda ya san ma an yi wani abu.

Aka kori Taurarin Kwana. Alhaji mai gidan mai ya ce shi dama ya gaji. 'Yan haya suka koma Zariya, rigunan ƙungiya suka koma jikin 'yan acaɓa. Yaya ya yi shekaru yana bin ofisoshi da gidajen masu hali, a ce ya dawo gobe, a ce maigida na barci. Duk sati yana zuwa ya share fili, ya ja layi da toka, ba don kowa ba. Surajo kuwa, in suka haɗu a kasuwa ya durƙusa yana gaishe shi, Yaya sai ya kawar da kai ya wuce. Ko a wurin jana'iza ba ya ba shi hannu. Duk wanda ya zauna da shi, labarin ɗaya ne: mutum ɗaya ya rage, Surajo ya ci amanarsa, da yanzu Taurari na buga wasa a talabijin.

Da abin ya ci tura, ya yarda zai noma filin. Aka kawo garmar shanu, ta yi ta zamewa a sama kamar a kan daɓe. Mai tarakta ya gwada, ya ce ba zai karya faifansa a banza ba. Yaya ya bi da diga yana haƙa rami ɗaya-ɗaya, ya zuba taki ya shuka masara. Ta fito, ta kai gwiwa, ta yi rawaya ta tsaya. Masu yanka fuloti suka taya, ya ce gonar Baffa ba ta sayarwa ba ce. Kashe ta ya iya, sayarwa ce ta yi masa nauyi. Na faɗa masa haka a gaban Asabe, muka yi wata ba ma magana.

Bara hatsi ya yi tsadar da ban taɓa gani ba. Asabe ta kwanta da ciwon gaɓoɓi, hannun da ke matse ƙuli ya daina rufuwa. 'Ya'yansu mata ne, kowace na fama da gidan mijinta. Ina aika musu abinci, ya karɓi na Asabe, ya dawo mini da nasa kwanon a rufe yadda na aika. Na yi ta zaginsa a raina, na ce talauci da girman kai sun haɗu a wuri ɗaya. Ban san ya fara zuwa bakin kasuwa da sassafe ba, inda 'yan ƙwadago ke taruwa da fartanyoyinsu suna jiran mai ɗauka.

Surajo yanzu babban manomi ne a Ƙofa, gonakinsa sun fi ƙarfin gidansa. Lokacin noman farko ya aiko a dafa wa 'yan ƙwadagonsa abinci, kamar yadda ya saba. Ƙaninsa na wajen uba ne ya kwaso su a mota daga bakin kasuwa, shi bai ga ko su wane ne ba. Da hantsi ya ɗaga na ɗora kuloli a a-daidaita-sahu na kai. Na hango su a jere cikin masara, kowa da kunyarsa, samari sun yi nisa. Can baya akwai wani shi kaɗai, yana sara yana tsayawa ya dafa ƙugu. Tun daga nesa na gane ƙeyar nan. Na bar kuloli a inda suke, na tsaya ina kallonsa.

Daidai lokacin Surajo ya iso a kan babur. Ya bi inda nake kallo, sai ya saki babur ɗin ya faɗi, ya ruga cikin gona. Na bi shi. Ya durƙusa gaban Yaya, ya kama ƙotar fartanyar da hannu biyu.

“Baba Koci, don Allah ka rufa mini asiri. Kai ne za ka yi mini noma? Ka koma gida, yau ɗin nan zan aiko da buhu.”

Yaya ya ce, “Ba bara na zo ba.”

Surajo ya fashe da kuka, ƙaton mutum mai 'ya'ya, a gaban 'yan aikinsa. Ya ce, “Wallahi Baba, ranar nan ba ta taɓa barin raina ba. Da na sani da na ajiye sungumin na bi ka. Ka yafe mini.”

Na tsaya ina jiran Yaya ya zazzage masa abin da ya tara shekara da shekaru. Ina so ma ya yi, don wannan fushin ne kaɗai abin da ya rage masa. Sai ya miƙe a hankali, ya goge gumi da hularsa, ya dubi masarar nan kore shar har inda ido ya tsaya.

Ya ce, “Da ka biyo ni, da yau tare muke tsaye a bakin kasuwa muna jiran mai ɗauka. Kai ka yi daidai, Surajo. Sakar mini fartanya, yaran nan sun yi mini nisa.”

Rabin rayuwata na yi ina jiran ranar da Yaya zai faɗi wannan magana da bakinsa. Na sha tsara yadda zan ce masa ai na faɗa maka. Da ya faɗa, sai na ji da ma na mutu ban ji ba. Surajo ya saki ƙotar, Yaya ya sunkuya ya ci gaba da sara.

Da aka tashi cin abinci, ya bi layi a bayan samarin, sa'o'in jikokinsa. Ya iso gabana ya miƙo kwano, bai dube ni ba, ni ma ban kira sunansa ba. Na zuba masa daidai yadda na zuba wa kowa, don na san in na ƙara ko cokali ɗaya, ajiyewa zai yi ya koma gona da yunwarsa.